Jitar Agadez da makaɗan da ke raya ta a filin biki

Na shiga Agadez ne a tsakiyar hunturu, bayan doguwar tafiya daga Damagaram ta hanyar Tanut, domin halartar ɗaurin auren ɗan wani aminina da muka daɗe muna hulɗar kasuwanci da shi. Ban je da niyyar sauraron kiɗa ba, kuma kafin wannan tafiya abin da na sani game da jitar Abzinawa bai wuce ɗan abin da nake ji a wayoyin direbobi a tasha ba. Amma ranar biki bayan la'asar, ina zaune a zaure muna shan shayi, sai na ji an tayar da janareta a bayan gida, jim kaɗan kuma wata ƙara mai kaifi ta tsaga unguwar. Mai masaukina ya ajiye kofinsa ya ce da ni, "Malam, tashi mu je, yau za ka ga abin da muke taƙama da shi."

An tare layin gaba ɗaya. An shimfiɗa darduma a kan rairayi, mata sun zauna a gefe guda cikin kwalliya, maza sun tsaya a ɗaya gefen da rawunansu, samari kuma sun jera babura a baya suna zaune a kai. Makaɗan su biyar ne: masu jitar lantarki uku, mai jitar nan mai kaurin murya guda, sai mai ganguna irin na zamani. Na matsa kusa da su sosai, kuma abin da ya fara jan hankalina shi ne kayan aikin. An tokare babbar ganga da dutse don kada ta riƙa zamewa a rairayi, faifan ƙarfen da ake bugawa ya tsage har an yanke gefensa, kuma an zaunar da wani yaro kusa da lasifika, aikinsa kawai ya riƙe waya da hannu a daidai inda take kamawa. Da waɗannan kaya suka yi kiɗa har magariba, aka tashi salla, bayan isha'i suka dawo suka ɗora daga inda suka tsaya.

Kiɗan yana da sauri fiye da yadda na zata. Jita ɗaya tana riƙe zare guda tana maimaita shi ba ta saki, ta biyu tana saƙa wani a kansa, ta uku kuma tana jira sai an kai wani gaci ta ɓalle da kuka mai tsawo, a nan ne mata ke rangaɗa guɗa. Gangar tana tafiya kamar sassarfar raƙumi, tana ƙara wuta a hankali har sai mai sauraro ya ga kansa yana tafi bai sani ba. Masu rawa suna shigowa bibbiyu ko hurhuɗu, su taka na ɗan lokaci su koma, wasu su karɓa, dangi kuma su taso su yi musu liƙi, sannan su juya ga makaɗa su manna musu sefa a goshi ko su soka a gefen rawani. Ana cikin haka tsirkiyar babban makaɗin ta tsinke. Bai dakatar da kowa ba, sai ya miƙa jitar ga ƙanensa ya karɓi tasa, ƙanen ya tsuguna ya ƙulla tsirkiyar da haƙori da yatsa, kafin waƙar ta ƙare har ya miƙe ya shiga sahu.

Turawa suna kiran wannan kiɗa rok na hamada. A ƙasashensu irin wannan kiɗa a mashaya da ƙananan gidajen rawa yake tasowa, inda ƙungiyar da ba a san ta ba take kwana tana kiɗa ga mutum talatin har ta goge. A Agadez filin biki ne yake yin wannan aiki, tare da taron suna da gangamin siyasa. A nan yaro yake fara ɗaukar kaya, ya koma riƙon waya, wata rana a ba shi jita ya riƙe zare, har ya kai ga kafa tasa ƙungiyar. Babu tikitin shiga, babu dandamali, kuma masu sauraro ba sa yi wa kowa kara, domin idan kiɗa bai tayar da masu rawa ba, to a biki na gaba wata ƙungiyar za a kira. Ina ganin wannan makaranta ta fi ta mashaya tsanani, saboda a mashaya ana iya yin hira a manta da makaɗi, a filin biki kuwa idon tsofaffi da yara da surukai duk a kansa yake.

Asalin kiɗan ba na farin ciki ba ne. Farin da aka yi a shekarun 1970 da na 1980 ya kashe dabbobin makiyaya, ya kori dubban samarin Abzinawa daga Mali da Nijar zuwa Aljeriya da Libiya neman abin yi. Su ne aka riƙa kira ishumar, kalmar da aka aro daga Faransanci mai nufin marasa aiki. A cikin wannan zaman baƙunta suka haɗu da jita, suka ɗora mata waƙoƙin kewar gida da na kira ga 'yan'uwa su farka, ƙungiyar Tinariwen ta mutanen Kidal a arewacin Mali kuma ita ce ta buɗe hanya. A Nijar wanda ake ɗauka uba a wannan fage shi ne Abdallah ag Oumbadougou, wanda ya rasu a 2020. Lokacin tawayen Abzinawa a Nijar da ya fara a 1990 ya ƙare da yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995, kaset ɗin waƙoƙin jita a ɓoye ake yawo da su daga hannu zuwa hannu, domin saƙo ne suke ɗauke da shi. Bayan sulhu ne jita ta fito fili, ta samu lantarki da ganguna, ta shiga bukukuwa, waƙoƙin soyayya da na yabon ango da amarya suka zauna kusa da na gudun hijira.

Rayuwar Omara Moctar, wanda duniya ta sani da Bombino, ta bi wannan tarihi sau da ƙafa. An haife shi a 1980, yana yaro iyalinsa suka gudu Aljeriya saboda tawaye, kuma a zaman hijira ne ya koyi jita yana kallon bidiyon shahararrun makaɗan jita Jimi Hendrix da Mark Knopfler. Da ya dawo Agadez kiɗan biki ya yi kamar kowa. Da tawaye na biyu ya ɓarke a 2007, hukuma ta ɗauki jita a matsayin alamar 'yan tawaye, aka kashe biyu daga cikin abokan kiɗansa, shi kuma ya tsere Burkina Faso. A Janairun 2010, bayan ƙura ta lafa, ya dawo ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadez da amincewar Sarkin Abzin. Washegarin bikin auren da na halarta na je na tsaya a wannan fili ina kallon hasumiyar ƙasa mai tsawon mita 27, wadda aka fara ginawa tun farkon ƙarni na 16, ina tunanin yadda abin da aka haramta shekaru uku kafin nan ya samu wuri a ƙarƙashinta. Bombino ne kuma ɗan Nijar na farko da aka sa sunansa cikin masu takarar Grammy, babbar kyautar kiɗa da waƙa ta Amurka, saboda kundin da ya fitar a 2018.

Abin da ya fi taɓa ni a matsayina na Bahaushe shi ne labarin Mdou Moctar, mutumin yankin Tawa. Iyayensa masu riƙo da addini ne, ba su yarda da kiɗa ba, don haka jitarsa ta farko da hannunsa ya ƙera ta da katako da wayar birkin keke. Kundinsa na farko kuwa a Sakkwato aka naɗe shi a 2008, a irin ɗakunan naɗar waƙoƙin finafinan Hausa, da gangar kwamfuta da na'urar nan mai lanƙwasa murya da muka saba ji a waƙoƙin Kano. Waƙoƙin ba su shiga kasuwa ta hanyar kamfani ba, sai dai daga waya zuwa waya ta Bluetooth da memori, a tashoshin mota da rumfunan caji, har suka ƙetara zuwa Mali. A can wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai kamfanin fitar da waƙoƙi na Sahel Sounds, ya ji ɗaya daga cikinsu a wayar wani, ya shiga neman mai ita har ya same shi. Yau Mdou Moctar yana cika manyan ɗakunan wasa a Amurka da Turai, kuma juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 a Amurka ya riske shi da abokan kiɗansa, suka daɗe ba su samu hanyar komawa gida ba saboda rufe iyakoki. Mutum nawa ne a Sakkwato suka san cewa a garinsu wannan tafiya ta fara?

Duk da haka, waɗanda suka fi kama da makaɗan da na gani su ne Etran de L'Aïr, wato Taurarin Abzin, ƙungiyar 'yan gida ɗaya da aka kafa a 1995. Sun fara da jita guda marar lantarki, gangarsu kuma ƙwarya ce da ake bugawa da takalmin soso, abin da duk wanda ya taɓa ganin kiɗan ƙwarya na matan Hausa zai gane nan take. Sun shafe fiye da shekaru ashirin suna kiɗa a bukukuwan unguwannin talakawa kafin kundinsu na farko ya fita waje a 2018. Wannan ya nuna mini cewa shaharar da ake gani daga baya ba daga sama ta faɗo ba, shekarun tsayuwa cikin rana da ƙura ne suka gina ta. Haka nan a Yamai akwai Tal National, waɗanda suka yi suna da wasan sa'o'i biyar a dare, suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da yaren Abzinawa, kuma su ne suka fi kusa da abin da Bature zai kira ƙungiyar gidan rawa.

Da aka tashi daga bikin na samu babban makaɗin yana naɗe wayoyi, muka gaisa da Hausa, domin a Agadez da ita ake ciniki da hira tsakanin ƙabilu. Na tambaye shi ko sana'ar tana riƙe su. Ya ce, "Baba, idan lokacin aure ne muna godiya ga Allah, amma idan azumi ya shigo ko gari ya yi tsit, sai kowa ya nemi abin yi." Shi gyaran babur yake yi, mai gangar kuma tela ne. Lasifikar ma haya suka ɗauko, kuma kafin a raba abin da aka samu sai an cire kuɗinta da na man janareta da na mai ɗauko kaya. Abin da ya fi damunsa shi ne tsirkiya, domin mai kyau ba ta samuwa a kusa, sai an yi sautu wurin matafiya.

Wannan ƙunci yana da dalili. A da Agadez gari ne na masu yawon buɗe ido, kuma makaɗa da yawa suna samun abin kashewa wajen rakiyar baƙi zuwa duwatsun Abzin da rairayin Tenere, su yi musu kiɗa da dare a bakin wuta. Tawayen 2007 da sace-sacen Turawa da suka biyo baya sun kashe wannan kasuwa. Sai garin ya koma dogaro da jigilar matafiya masu nufin Libiya, ita ma wata doka ta 2015 ta haramta ta, har sai da gwamnatin soja ta soke dokar a ƙarshen 2023. Duk lokacin da aljihun gari ya bushe, biki yana raguwa, liƙi yana raguwa, makaɗi ne kuma na farko da ake cirewa daga lissafin hidima.

Na san akwai masu ganin bai dace mutum ya tsaya yana yaba kiɗa ba, kuma ina girmama malaman da suke da wannan fahimta. Abin da idona ya gani dai shi ne taron dangi a sarari, babu giya, an tsaya lokacin salla, kakanni suna zaune jikoki suna rawa a gabansu. Abin da ke ci mini rai kuwa shi ne yadda mu maƙwabtansu na kudu, da muke da harshe ɗaya na kasuwa da tarihin fatauci na ɗaruruwan shekaru tsakanin Kano da Abzin, muke jira sai jaridun Amurka sun yabi ɗan Agadez kafin mu waiwaye shi. Ayarin gishirin Bilma ya san hanyar kasuwanninmu tun zamanin kakanni, amma a gidajen rediyonmu da wuraren bukukuwanmu da wuya ka ji an gayyato ƙungiyar jita guda daga can. Waɗanda suka yi suna sun samu masu kula da su a waje. Sauran, waɗanda su ne mafi yawa, ba su da kundi ko ɗaya, sai guntayen bidiyo da ake turawa a WhatsApp ba tare da sunan mai kiɗa ba.

Kafin mu rabu na roƙi makaɗin ya tura mini waƙoƙinsu, ya ciro wayarsa mai fasasshen gilashi ya tura mini guda huɗu, dukkansu a filin biki aka ɗauke su, ana jin guɗa da ƙarar janareta a ciki. Lokacin dare ya raba, sanyi ya sauko sosai. Suka ɗora ganguna da lasifika a bayan wata tsohuwar a-kori-kura, yaron nan mai riƙon waya ya hau ya zauna a kai yana rungume da jita biyu, domin da safe suna da taron suna a wata unguwa a ɗaya gefen gari.