Xi'an: da a ce wuƙar nan ta samu sarkin Qin

Da aka ɗaga ranar ba ni kayana a Guangzhou, sai na hau jirgin ƙasa mai gudu zuwa Xi'an, in ga sojojin yumɓun da ake ta ba da labari, waɗanda aka binne kusa da kabarin sarkin Qin, wanda ya fara haɗe ƙasar Sin (China) wuri ɗaya. Manoma masu haƙar rijiya ne suka ci karo da su a 1974. A rami na farko kaɗai akwai kusan 6,000, a jere sahu-sahu, kuma duk wanda na ƙura wa ido fuskarsa daban. Na yi ta kallon wani maharbi a durƙushe, har zanen tafin takalminsa an fitar. Kuɗin shiga ya yi daidai. Masu sayar da ƙananan gumaka a bakin ƙofa ne ba su da kunya, farashin da suke fara faɗa wa baƙo ko a Kantin Kwari ba a yin haka.

Da yamma na yi sallar magariba a babban masallacin unguwar Musulmi 'yan ƙabilar Hui. Wani dattijo ya riƙe hannuna, ya ce sai na ci abinci. Gurasa aka kawo, mu da kanmu muka gutsuttsura ta ƙanana, aka kwarara romon rago a kai. Na ciro kuɗi, ya ɓata rai.

A nan gardama ta tashi a kan sarkin Qin, waya tana yi mana tafinta. A zamaninsa ƙasashe bakwai ne suka yi ta yaƙar juna, Qin, Chu, Qi, Yan, Han, Zhao da Wei, abin da ya tuna mini Hausa Bakwai. A shekara ta 227 kafin haihuwar Annabi Isa, yariman Yan ya aika Jing Ke da wuƙa a naɗe cikin taswira ya kashe sarkin Qin. Ya kuskure. Zuwa 221 sarkin ya haɗiye sauran shida.

Na ce, "Baba, da wuƙar ta same shi fa?"

Ya girgiza kai. Wai ƙarfin Qin yana cikin dokokin Shang Yang, wani wazirin Qin na da, noma da yaƙi, kowa da ladansa da hukuncinsa, ko wa ya hau karaga zai ƙarasa aikin.

Ni ban yarda ba, har yanzu. Sarkin ya mutu a 210, daular ta wargaje a 206. Gidan da ya rushe da mutuwar mai shi, da an kashe shi tun da wuri, rigimar gado za ta ba Chu sararin numfashi. Da watakila yau akwai ƙasashe uku ko huɗu a nan, kowace da rubutunta, kuɗinta da mudunta, domin Qin ce ta mayar da su bai ɗaya. Ɗan kasuwa ya san abin da hakan ke nufi.

Dawowa na biyo jirgin dare, mai araha, cike da mutane. Na tarar kayana sun haɗu, sai dai kuɗin dako zuwa Legas ya sake tashi.