Ɗan haya da kujerar kwamiti

Shekara 6 ke nan ina haya a wani rukunin gidaje a Abuja. Kuɗin masu gadi, na kwasar shara, karo-karon gyaran taransifoma, ban taɓa fashin biya ba. Ranar Asabar a taron ƙungiyar mazauna na nemi shiga kwamitin tsaro, sai shugaba ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, kujera ta masu gida ce."

Wallahi abin ya sosa mini rai. Da na koma gida na karanta kundin tsarin mulkin da ƙungiyar ta yi rajista da shi a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi. Amintattu da shugabanni kaɗai aka gindaya wa sharaɗin mallakar gida, ba a ambaci ƙananan kwamitoci ba.

Kujerar ma'aji na yarda, ɗan haya yana iya tattara komatsansa idan wa'adinsa ya cika. Amma tsaro fa? Da yawa daga masu gidajen nan ba sa kwana a unguwar. Mu ke jin motsin dare, 'ya'yanmu ke bin layin nan zuwa Islamiyya.

Na rubuta wa sakatare takarda, ya yi alkawarin gabatar da ita a taro na gaba.