Jajayen kifayen da suka mamaye mini akwatin gilashi

Akwatin gilashin da ke falona a unguwar Yantala ta Yamai tsawonsa mita ɗaya ne, faɗi da tsayi santimita 40 kowanne, yana cin ruwa kamar lita 160. Wani mai yankan gilashi a kasuwar Katako ne ya haɗa mini shi. Kusan shekara guda ƴan kifayen ado ne kawai a ciki, gufi da moli, sai kurungu biyu ƙanana masu zaman ƙasa. Ba ruwan kowa da kowa.

Wata safiya na sauka bakin kogi kusa da gadar Kennedy sayen karfasa, sai na hangi wasu ƴan kifaye a bokitin wani dattijon Basarke. Ba su fi yatsa ba, cikinsu ja-ja, da ɗigo-ɗigon shuɗi mai ƙyalli a kumatu. Dangin karfasa ne, masana na kiransu Hemichromis, kuma ƴan asalin kogunanmu ne na Afirka ta Yamma. Na ce, "Baba, a ba ni huɗu masu rai." Yana zuba mini su a leda ya ce, "Ɗana, ka gan su ƙanana, amma ranar da suka yi ja sosai ba su da maƙwabci." Na ji maganar, ban riƙe ta ba.

Mako biyu na ajiye su daban don kada su shigo da cuta, sannan na haɗa su da sauran. Aka zauna lafiya har zafin Afrilu ya kankama. Sai biyu daga cikinsu suka rine ja wur kamar garwashi, suka kama goge wani falalen dutse da bakinsu. Dutsen kuwa a tsakiyar akwatin yake, ni na sa shi can don ado.

Cikin kwana uku komai ya sauya. Gufi suka tattare a kusurwar sama bayan matatar ruwa, wutsiyoyinsu sun yage kamar tsumma, ko abinci ba sa saukowa ci. Sauran jajayen biyu suka koɗe, suka zama launin toka. Na wayi gari na tarar da moli ɗaya a mace, washegari ɗaya daga cikin koɗaɗɗun ya bi ta. Abin ya ɓata mini rai ƙwarai, don ni na kawo musu wannan wahala har inda suke.

Da farko na ɗauka yunwa ce, na ƙara abinci. Ruwa ya gurɓace, faɗa bai ragu ba. Na cire namijin na sa a bokiti kwana uku. Matar ta ci gaba da gadi ita kaɗai, ran da na maido shi suka ɗora daga inda suka tsaya.

Abin da ya buɗe mini ido zama ne kawai. Bayan la'asar na jawo kujera na yi kusan awa guda ban taɓa komai ba. Sai na lura korar tana da iyaka. Namijin yakan baza ƙayoyin bayansa, ya buɗe marfin kumatu, ya bi kifi da gudu, amma da ya kai wani wuri sai ya juya ya koma kan dutsensa. Kuma wanda ya gani kawai yake kora. Kurungun da suka shige ƙarƙashin wani icce ko kallo ba su ishe shi ba. Ashe ba mugunta ba ce, gida yake tsaro. Matsalar ita ce akwatina fili ne fetal, daga kan dutsen nan yana hango kowa, don haka ko'ina ya zama nasa.

Na samo ƙananan tukwanen ƙasa irin na ƙauyen Bubon, waɗanda ba a shafa musu komai ba. Na fasa wasu gida biyu, na goge kaifin bakin tsingaron, na jiƙa su kwana biyu. Da dare na kashe fitilar akwatin, na sake tsarin gaba ɗaya. Falalen dutsen ya koma can ƙarshen hagu. A tsakiya na tayar da katangar duwatsu da icce da dogayen ganyen ruwa har kusa da sama, tukwanen kuma na kifa su a dama, bakinsu na kallon nesa da dutsen. Abinci na koma zuba shi a gefe biyu lokaci ɗaya. Kora ta ragu sosai, gufi suka fara saukowa.

Sai ƙwai ya zo. Ɗaruruwa ne jere a kan dutsen, uwa da uba na yi musu fifita da fukafukai, suna karɓeɓeniya. Cikin kwana uku suka ƙyanƙyashe, iyayen suka kwashe su da baki zuwa wani rami da suka tona a yashi. Ranar da ƴaƴan suka fara iyo, katangata ta daina aiki, domin iyakar ba ta kan dutse kuma. Duk inda garken ƴaƴan ya nufa, can ta koma. A nan na sallama. Na yanko ragar roba daidai faɗin akwatin na raba shi biyu, ruwa na wucewa, kifi ba ya wucewa. Da na yi haka tun ranar da na ga sun fara goge dutse, da ban yi asarar ko ɗaya ba.

Zafin Yamai ma ya ƙara wa masu rauni wahala. Ruwan kan kai digiri 32, ruwan ɗumi kuwa ba ya riƙe iska kamar mai sanyi, ga famfon iska na tsayawa in an ɗauke wuta. Na riƙa juya fanka ta bugi saman ruwan, duk mako kuma in canza kashi ɗaya cikin huɗu da ruwan famfo da ya kwana a buɗe. Magani ban sa ba, tsabtar ruwan ce ta warkar da su.

Yanzu jajayen suna da nasu akwatin a ɗakin baya, su da ƴaƴansu. Gufin da ya fi kowa shan cizo wutsiyarsa ta sake tofowa cikin mako huɗu, sai dai gefen da ya fito sabo bai kai tsohon launi ba. Da shi ƴata take gane shi, kullum da safe shi take fara nema kafin ta tafi makaranta.