Kakan da aka ce ya mutu, ashe cire shi aka yi

Matata Ba'amurkiya ce, kuma abin da ta gada na tarihin gidansu bai wuce magana ɗaya ba: wai wani kakanta na can nesa manomi ne, ɗan ɗariƙar Kirista ta Quaker a gundumar Guilford, jihar North Carolina. Yaranmu sun san dangina ciki da bai, shi ya sa na ɗaura ɗamarar nemo musu na wajen uwa.

Farkon aikin bai ba ni wahala ba. A wancan zamanin 'yan Quaker ba su da malaman coci masu albashi, ba sa baftisma, amma wajen ajiye rubutu samun kamarsu sai an tona. Kowace jama'a na zama duk wata ta rubuta haihuwa, aure, mutuwa, har da wanda ya ci bashi ya ƙi biya. Jama'ar New Garden da ke yankin Guilford tun 1754 take wannan zama. A kundin salsalar 'yan Quaker na William Wade Hinshaw, wanda juzu'insa na North Carolina ya fito a 1936, na ga haihuwar mutumin da sunayen iyayensa.

Masu jera salsalar dangi a intanet ne suka cuce ni. Duk sun rubuta cewa ya rasu yana saurayi, bai yi aure ba. Wani ya daina ganin sunansa cikin 'yan jama'a, ya yanke masa mutuwa, saura suka kwafa ido rufe. Watanni na shafe ina bin wani ɗan baffansa mai suna iri ɗaya, da yake mutanen nan suna yawan mayar wa yara sunayen iyaye. Har yau in na tuna kuɗin da na kashe wajen sayen kwafin takardun gonar mutumin da bai haɗa komai da 'ya'yana ba, raina sai ya ɓaci.

Sai da na zauna da ainihin littattafan a ɗakin adana tarihi na Kwalejin Guilford a Greensboro gaskiya ta fito. Bai mutu ba. Ya auri yarinyar da ba 'yar ɗariƙa ba, dattawa suka je suka yi masa nasiha, ya ƙi neman afuwa, aka cire shi. Cirewar ba ta hana shi zuwa ibada ko noma gonarsa kusa da ta ubansa ba. Zaman shawara kawai aka hana shi.

Sauran labarin yana littafin mata, don a lokacin maza da mata kowa da zamansa da littafinsa. A nan na ga matar ta nemi shiga, an tura mata biyu su gana da ita, an karɓe ta. Daga baya shi ma ya rubuta takardar nadama aka mayar da shi. Sannan ga takardar shaidar ƙaura zuwa jama'ar Whitewater da ke Richmond, Indiana, wadda aka kafa a 1809, ɗauke da sunayen 'ya'yansu. Na ukun su ne kakan da matata ta fito ta tsatsonsa. Hannuna rawa yake yi da na kira ta.

Ba su kaɗai suka tashi ba. Tun 1776 'yan Quaker na North Carolina suka hana junansu riƙe bayi, dokar jihar kuma ta tsananta wajen 'yanta su, alhali dokar 1787 ta haramta bauta a arewacin kogin Ohio, inda Indiana take. Levi Coffin ma, ɗan Quaker da ya shahara wajen taimakon bayin da suka gudu, daga New Garden ya koma Indiana a 1826.

Duk mai irin wannan bincike, ya nemi littafin mata tun da wuri, kuma kada ya yarda da mutuwar da ba ta da ranar binnewa a rubuce. Ya kuma kula da kwanan wata: da lamba suke kiran watanni, kuma kafin 1752 watan farko Maris ne.

Na aika wa masu salsalar nan hotunan shafukan, ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu ba su ko amsa ba, kuma a shafukansu har yanzu mutumin matacce ne marar aure.