Kafin ka yi wa alkama feshin 2,4-D

Ƙannena masu shiga noman rani, idan kun je shagon maganin ciyawa za a ce muku 2,4-D ba ya taɓa alkama, ciyawa mai faɗin ganye kawai yake kashewa. Gaskiya ne, amma da sharaɗi, kuma rashin sanin sharaɗin ya ci ni.

Na shuka alkama a ƙarshen Nuwamba, rukuɓu da gasaya suka fito tare da ita. Na yi ta jan ƙafa saboda kuɗin magani, har alkamar ta yi gaɓa ta fara ɗaukar ciki, sannan na yi feshi. Ciyawar ta riga ta tsufa, lanƙwashewa kawai ta yi ta sake miƙewa. Alkamar kuwa ta fitar da zangarniya a murɗe, wata ba ƙwaya a ciki. Lokacin wannan magani gajere ne: bayan alkama ta yi ganye huɗu zuwa biyar ta fara 'ya'ya, kafin karanta ya yi gaɓa, wato kusan mako uku zuwa biyar bayan shuka. Gaggawa ma ɓarna ce, don jaririyar alkama ba ta jure shi. Kada ku tsaya ga lissafin kwanaki kaɗai, ku tsuguna a fangali ku ƙirga ganyen.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne tumatirin maƙwabcina. Ranar da na yi feshin iskar hunturu tana kaɗawa, ni kuma ina sauri in gama. Ba a jima ba ganyen tumatirinsa ya nannaɗe ya tsuke, fure ya zube. Tumatir da tattasai da wake ba sa jure ko ɗan tururin wannan magani, kuma a wurare irin su Kadawa ta jihar Kano kunya ɗaya ce ke raba gonar alkama da ta tumatir. Ku yi feshi lokacin da iska ta kwanta, ku sauke bakin famfo ƙasa. Maganin yana zuwa a nau'in amine da na ester; idan kuna da zaɓi ku ɗauki nau'in amine, don na ester ya fi tashi sama idan rana ta yi zafi.

Ku ware wa wannan magani famfonsa daban, domin ɗauraya da ruwa kaɗai ba ta fitar da ragowarsa. Ma'auni kuma ku bi abin da ke jikin kwalba ko ku tambayi malamin gona. Ƙarin murfi ɗaya "don ya ci sosai" alkamarku zai ci. Ƙiri-ƙiri da sauran dangin ciyawa masu siririn ganye ba ya kashe su, waɗannan sai cira da hannu ko wani maganin daban.