Yammacin da muka tuna da Don Williams a shagon Kawu

Ranar Juma'a 8 ga Satumba 2017, mako guda cif bayan Babbar Sallah, mawaƙin nan Ba'amurke Don Williams ya mutu a garin Mobile na jihar Alabama yana da shekara 78. Washegari na gani a Facebook, na taka har shagon Kawu, ƙanen mahaifiyata da ke gyaran rediyo a Funtuwa, na faɗa masa. Ya ajiye sukudireba, ya yi shiru, can ya ce, "Ashe dama har yanzu yana nan?"

Turancin Kawu bai wuce na ciniki ba, amma kaset ɗin mutumin nan sun cika masa kwali guda a ƙarƙashin teburi. Ganin haka ya sa na ce bari in tara abokansa mu tuna da mawaƙin. Tun daga gayyata na fara tuntuɓe. Na ce wa wani tsohon hedimasta "taron tunawa" za mu yi, sai ya dube ni ta saman gilashi ya ce, "Kai yaro, sadakar bakwai za ka yi wa Bature?" Dole na sauya baki na ce shayi ne kawai da sauraron kaset. Da haka na samu mutum tara.

Na kwana biyu ina haɗa tarihinsa, shafi uku cur. Bayan la'asar na miƙe ina karantawa kamar mai labarun duniya: waƙoƙinsa 17 sun hau matsayi na ɗaya a jerin kiɗan kantiri, wato kiɗan mutanen karkarar Amurka, an ba shi lambar gwarzon mawaƙi namiji a 1978, an shigar da sunansa zauren manyan mawaƙan kantiri a 2010. Ko gezau. Wani har ya fara gyangyaɗi da kofi a hannu.

Sai da na koma farkon labari suka farka. An haife shi a 1939 a Floydada, wani ɗan gari a jihar Texas mai mutum kusan dubu uku, ƙasar noman auduga. "Auduga?" in ji wani tsohon direban tirela. "To ai ɗan gida ne!" Duk wanda ya san Funtuwa ya san abin da kalmar nan take taɓawa. Da na ce ubansa bakanike ne, uwarsa ce ta koya masa jita, kuma da ƙungiyarsu ta waƙa ta watse ya bar waƙa ya koma harkar sayar da kayan ɗaki tare da surukinsa kafin ya nufi Nashville, cibiyar kiɗan kantiri, sai tambayoyi suka yi mini caa. Lambar yabo ba ta dame su ba. So suke su ji ko ya taɓa rasa na cefane.

Kuskurena na uku shi ne sifika. Na haɗa ta da waya, sauti fes, babu ko ƙura. Direban ya girgiza kai ya ce, "Wannan ba shi ba ne." Kawu ya jawo tsohuwar rikodarsa, ya zuba batir shida, ya hura kan ya goge da auduga. Minti biyu ba a yi ba ta cinye zaren. Ya zaro shi a hankali kamar mai cire ƙaya, ya lallaɓa inda ya cukurkuɗe da farce, ya soka biro a ramin kaset yana juyawa har ya koma. Da muryar ta fito da wannan shuuu ɗin a bayanta, har da ɗan rawar da take yi a inda zaren ya ji rauni, sai shagon ya yi tsit.

Daga nan takardata ta tashi aiki. Direban ya ce da wannan muryar yake ratsa dare daga Legas, don ba ta sa mutum ya taka mota fiye da kima. Hedimasta, wanda ya fara yi mini gatse, ya amsa cewa daga bakin mutumin nan ya riƙa tsinto kalmomin da yake rubuta wa uwargidansa a wasiƙa tun suna kwalejin horon malamai. Na tambayi Kawu me yake ji tunda ba ya fahimtar baitin. Ya ce, "Ba ya ihu. Shata in ya ɗauko, ko gurgu sai ya motsa. Wannan kuwa zaunar da kai yake yi." A garin da Shata ya zauna, wannan magana ba ta wuce haka nan, aka yi ta musu har shayi ya huce. Ni dai ina bayan Kawu, don ko a dandali mutumin a kan kujera yake waƙa, da hular kaboyi, ba tsalle ba rawa.

Da zan sake, kaset zan fara sakawa in rufe bakina, in bar tarihi sai an tambaya. Karatuna ya cinye rabin lokacin, ko zuwansa Harare a 1997 ban kai ga faɗa ba aka kira magariba.

Ana naɗe tabarma Kawu ya ce, "Matansa nawa?" Na ce ɗaya, tun 1960 suke tare har ya mutu. Ya ƙirga da yatsu, ya ce hamsin da bakwai ke nan. Ya karɓi shafukan nan uku da ba zai iya karantawa ba, ya ninke su, ya saka a cikin kwalin kaset ɗin, ya ɗauki butarsa.