Kwana tara da zuba dakin

Talata, cikin hunturu.

Bakwai saura na safe ina tsaye a kicin ina jiran ruwan shayi ya tafasa, sai waya ta yi ƙara. Guruf ɗin WhatsApp na ginin Dakta ne. Mu bakwai ne a ciki: Dakta da kansa, wanda yake aiki a wani asibiti a Dammam, da yayarsa Hajiya da take riƙe da kuɗin aikin a nan Kano, da Alhaji ɗan kwangila, da mai zanen gidan, da kafinta, da mai wayarin, sai ni, injiniyar aikin. Ni na buɗe shi tun ranar da aka fara haƙa fandisho, don kada gobe wani ya ce bai ji ba.

Jiya da daddare na rubuta cewa kada a taɓa gorar da ta tokare dakin, wato rufin kankaren da aka zuba, sai ya cika kwana 21. Yau kwanansa tara da zubawa. Layi biyu ne kawai, da sallamata da komai.

Amsar Alhaji ce ta shigo, saƙon murya na kusan minti biyu. Na kunna ina zuba madara. Bai yi sallama ba. “Ke yarinya, tun kafin a haife ki nake zuba dakin a garin nan. Karatun takarda daban, aikin hannu daban. Dakta, kada ka bari ’yan boko su ja maka aiki a banza. Nan wurin gini ne, ba kicin ba.” Sauran duk maimaici ne, da lissafin gidajen manya da ya gina.

Abin dariya, a kicin ɗin kuwa na ji ta. Amma a lokacin ban yi dariya ba. Hannuna rawa yake yi.

Da a bakin gini ya faɗa min, ni da shi, da tuni na shanye. Shekara shida ke nan da na gama Jami’ar Bayero ina yawo a wuraren gini, ba yau na fara jin “yarinya” ba. Abin da ya ƙona min rai shi ne a gaban mai gida aka yi. Dakta bai taɓa ganina ido da ido ba. Iyakar saninsa da ni shi ne abin da yake karantawa a guruf ɗin nan, kuma a kan wannan sanin yake turo kuɗin guminsa daga wata ƙasa. Saudiyya ta riga mu da awa biyu, na san ya riga ya fita aiki, wayarsa na hannunsa. Ko minti biyar ba a yi ba ya rubuto: “Injiniya, me kike gani?”

Sau uku ina rubuta amsa ina gogewa. Ta farko kam ko a nan ba zan maimaita ta ba. Sai daga baya na tuna WhatsApp yana nuna wa ’yan guruf wanda yake cikin rubutu, wato duk suna kallona ina farawa ina fasawa. Na kuma yi tunanin goge saƙon nasa gaba ɗaya, tunda ni ce mai kula da guruf ɗin, kuma tun 2022 aka ba masu kula damar goge saƙon kowa. To amma idan ka goge, alama tana zama a wurin cewa kai ka goge. Dakta ya riga ya ji. Magana zarar bunu ce. Gogewar ba abin da za ta ƙara sai a ce na rasa amsa.

Na ajiye wayar na shirya yara, na shanye shayin da ya huce. Sannan na zauna na rubuta wannan:

“Assalamu alaikum. Dakta, ina kwana. Kankare yakan kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi ne a kwana 28. A kwana bakwai bai fi kashi biyu cikin uku ya samu ba, kuma sanyin hunturu yana rage masa saurin kamawa. Falonka ya haura mita biyar babu ginshiƙi a tsakiya. Idan aka zare gora yanzu, dakin zai iya lotsawa ko ya tsage, gyaransa kuma ya fi jiran kwana 12 tsada nesa ba kusa ba. Shawarata tana nan, a bar gora sai ranar da na faɗa. Alhaji, zan shigo wurin aiki yau in Allah ya yarda, sai mu zauna.”

Na karanta sau biyu, na tabbatar babu kalma ɗaya da ta taɓa kicin ko shekaru. Abin da Dakta ya biya ni in faɗa masa shi ne ko rufin gidansa zai tsaya. Rigimata da Alhaji ba da kuɗinsa aka saye ta ba.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ba ni haushi ma. Mai zanen gida ya turo min saƙo ta gefe: “Ki yi haƙuri, halinsa ne.” Mai wayarin ma haka. A cikin guruf kuwa tsit, ko tari babu wanda ya yi. Mai zanen nan ya san lissafin da na yi daidai ne, shi ya sa hannu a takardar. Layi ɗaya daga gare shi da ya kashe maganar. Amma haƙurin ɓoye ya fi araha, ba ya ɓata maka da kowa.

Hazo ya yi yawa yau, daga Hotoro zuwa Rijiyar Zaki sai da na ci kusan awa. Da na isa, leburori suka gaishe ni suna sunkuyar da kai, na gane kowa ya ji saƙon. Na hau saman dakin. Buhunan da muka shimfiɗa sun bushe ƙayau, ba wanda ya ba shi ruwan safe. Iskar hunturu tana tsotse ruwan kankare kafin siminti ya gama aikinsa, shi ya sa nake nacin a jiƙa shi safe da yamma. Na aika aka kira ɗan garuwa, ya turo kura biyu, na tsaya a kai har aka jiƙa ko’ina. A ƙasa kuma na tarar an riga an zare gora huɗu ta wajen sito. Kafinta ya ce umarni aka ba shi. Na sa ya mayar, ya buga musu ƙusa ina kallo.

Mai gadi ne ya warware min zaren. Yana miƙo min kujera ya ce, ƙasa-ƙasa, Alhaji yana da wani dakin da zai zuba a Ɗorayi ranar Asabar, kuma gorar nan da katakon nan yake so ya kwasa can. Ashe ruwa ba ya tsami banza. Ba ilimina ne ya tsone masa ido ba, kuɗin sabuwar gora yake gudu. Sai na ji rabin fushin ya sauka, rabin kuma ya ƙaru, don a kan gora ya nemi ya zubar min da mutunci.

Bayan azahar ya iso. Na bari ya gama zagayensa, na same shi a inuwar darbejiya inda ba kowa, na gaishe shi yadda ake gaida babba. Na ce, “Alhaji, ka haife ni, kuma na san akwai abin da ka sani a gini wanda ban kai ba. Amma maganar da ka yi da safe a gaban mai gida ba ta yi min daɗi ba. In na yi kuskure kira ni ka faɗa min, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Amma a guruf ɗin can, Injiniya nake.”

Ya yi shiru yana kaɗa makullin mota. Can ya ce, “Ai ba da wata manufa na faɗa ba, ’yata.” Ban ce masa na yarda ba, ban kuma ce ban yarda ba. Na ce katakon gefen bim, wato gadar kankaren da take ɗauke da dakin, an daɗe da wuce lokacin cire shi, zai iya kwashewa yau ma ya kai inda yake so. Gora da katakon ƙasan dakin ne ba za a taɓa ba. Abin da ya rage ya leƙa ’Yan Katako a Na’ibawa. Ya kalle ni, ya gane na san labarin Ɗorayi, ni kuma ban ambata ba.

Anya ban yi masa sauƙi da yawa ba? Har yanzu ina juya abin. Da na faɗa wa Dakta dalilin gaggawar, wataƙila da aikin ya bar hannunsa. Amma leburori goma sha ne suke ci a ƙarƙashinsa, kuma aikin bulonsa, in za a faɗi gaskiya, ba shi da na biyu. Na dai rubuta a littafin wurin aiki cewa an zare gora huɗu an mayar, da rana da lokaci, kafinta ya sa hannu.

Da la’asar Dakta ya rubuto, “A bi abin da Injiniya ta ce.” Hajiya kuma ta kira ni, ta ce ta ji saƙon tun safe, ta yi shiru ne ta ga yadda zan yi. Ban san ko yabo ba ne ko jarrabawa.

Da na faɗa wa Umma a waya, cewa ta yi da ma ban kula shi ba sam, babba ne. Maigidana kuma cewa ya yi in ba shi lambar mutumin. Duka biyun na ce to.

Wajen tara na dare saƙo ya shigo guruf, rubutacce wannan karon: “Salam. An cire katakon gefe kamar yadda Injiniya ta ce. Gora tana nan.” Babu ban haƙuri a ciki. Saƙon muryar safe ma yana nan a sama, bai goge ba, ni ma ban goge ba.

Na kira mai gadi na ce ɗan garuwa ya zo kafin bakwai. Saura kwana 12.